Yadda Ake Zaɓen Katin Girafik Da Zai Zauna Lafiya Da Linux

Mai shagon buga takardu a Ringim ko Bichi, ko mai haɗa bidiyon biki da walimar sauka a Gumel, in ya ɗora Linux a kan kwamfutarsa, kibod da linzami ba sa neman komai a wurinsa. Katin girafik, wato katin da ke fitar da hoto a monita, shi ne yake da rigima. Dalili kuwa shi ne kati ba ya aiki sai da direba, wato manhajar da ke yi masa tafinta da kwamfuta, kuma ba wuri ɗaya direbobin suke ba. Na AMD da na Intel a buɗe suke, suna cikin zuciyar Linux ɗin da ake kira kanel, sauran rabinsu kuma yana cikin tarin manhajar da ake kira Mesa. Duk suna cikin filashin da ka ɗora Linux da shi. Cikakken direban NVIDIA kuwa sai an sauke shi daban, yana cin ɗaruruwan megabait, kuma duk sanda kanel ya canza sai an sake daidaita shi. Ga wanda yake zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wuta kuma sai ta sola ko janareta, wannan bambancin ya fi ƙarfin katin muhimmanci.

Fara da tambayar ko kana bukatar katin ma

Yawancin kwamfutocin tebur na hannu da ake kawowa Kano, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, suna da girafik na Intel a cikin furosesa. Buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa Linux umarni, ka rubuta:

lspci -k | grep -iEA3 'vga|3d|display'

Za ka ga sunan abin da ke ba da hoto, da layin da ya faɗi direban da ke aiki. In ka ga i915, na Intel ne. In furosesarka Core i3 ko i5 ce ta zubi na 6 zuwa sama, wannan ya wadatar wa buga takardu, cike fom a intanet, gyaran hoton fasfo a GIMP, da zanen katin gayyata a Inkscape. Daga zubi na 7 ma tana warware bidiyon HEVC da VP9 da kanta, irin wanda wayoyi da YouTube ke amfani da shi, ba tare da furosesa ta galabaita ba. Sau da yawa abin da ake ɗora wa laifin girafik ƙarancin ram ne. Girafik na cikin furosesa daga ram yake aron wurin aiki, saboda haka sanda biyu masu giga 4 ko 8 sun fi masa sanda ɗaya, kuma sun fi kati araha.

Kati na daban yana da amfani ne in kana yanka dogon bidiyo, ko aikin Blender, ko wasanni, ko kana son monita biyu ko uku, ko furosesarka ba ta da girafik kwata-kwata, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshe da tsofaffin Ryzen marasa harafin G.

Buɗe akwatin kafin ka tafi kasuwa

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Cire wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka duba abu huɗu, ka ɗauki hotonsu da waya.

Na farko takardar da ke manne a jikin fawa fak. Siraran kwamfutocin ofis suna zuwa da fawa fak na wat 180 zuwa 255, ba su da wayar ba wa kati wuta, kuma galibi soket ɗinsu na kamfanin ne kaɗai, ba za ka iya musanya shi da na kasuwa kai tsaye ba. Ramin PCIe da ake soka kati a ciki yana ba da wat 75 ne iyaka, a wasu siraran ma an rubuta adadin da bai kai haka ba a jikin bod kusa da ramin. Duk katin da ke cin fiye da haka yana da soket a kafaɗarsa: mai fil 6 yana ƙara wat 75, mai fil 8 yana ƙara wat 150. In fawa fak ɗinka ba shi da wannan waya, katinka sai wanda rami kaɗai ke ciyarwa. Za a nuna maka 'yar wayar da ke juya soket ɗin SATA zuwa fil 6. Kada ka saya. An ƙera soket ɗin SATA ne don kusan wat 54, in aka ɗora masa fiye da haka robar tana narkewa, wani lokaci har ta kama da wuta.

Na biyu faɗin akwatin. Siriri yana bukatar gajeren kati da gajeren ƙarfen baya. Ka tabbata an ba ka gajeren ƙarfen tare da katin, don shi kaɗai da wuya a same shi. Auna kuma tsawon wurin da rula, ka duba ko ramin bai matse da fawa fak ba, saboda kati mai kaurin rami biyu ba ya shiga wasu akwatunan.

Na uku bayan monita. Monitoci da yawa a shagunan karkara VGA kawai gare su, mai shuɗin kai. Katunan AMD daga RX 400 zuwa sama da na NVIDIA daga GTX 1000 zuwa sama sun daina fitar da siginar VGA. Ƙaramin kan nan da ke juya DVI zuwa VGA ba zai yi aiki a kansu ba. Abin da kake bukata kwanbata ce mai guntun lantarki a ciki, daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. Saye ta rana ɗaya da katin, ka gwada su tare.

Na huɗu shekarun bod. In kwamfutar ta zamanin Core 2 Duo ce, marar UEFI (sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta in an kunna ta), sababbin katuna kan ƙi nuna komai a kanta. Kada ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Sai lissafin wuta, in da inbata kake aiki. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan wat-awa 2,400. Batirin dalma ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya daɗe, inbata kuma tana cin nata, saura kusan 1,000. Kwamfutar ofis da monita masu cin wat 100 za su yi awa goma. Ƙara musu katin RX 580, wanda ke cin wat 185 in yana cikin aiki sosai, sai awa goman nan ta koma uku da rabi. Gaskiya ne kati ba ya cin cikakkiyar wutarsa in takarda kawai ake bugawa, amma lokacin fitar da bidiyo, wanda shi ne aikin da ba a son ya yanke, a nan yake ci.

San shekarun Linux ɗinka

Rubuta uname -r ka ga lambar kanel. A cikin nau'o'in Linux, Ubuntu 22.04 ya fito da kanel 5.15, Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 da 6.8, Debian 12 da 6.1, Debian 13 kuma da 6.12. Ƙa'idar ita ce kanel da Mesa su san katin: kada katin ya fito bayan su. Intel Arc na jerin A suna son kanel 6.2 zuwa sama, Arc B580 yana son 6.12. Wanda ya soka sabon kati fil a kan tsohon Linux, baƙin allo zai gani ko manyan haruffa, ba don katin ya lalace ba. Shi ya sa katin da ya shekara biyu ko uku a kasuwa ya fi kwanciyar hankali.

Wane kamfani, wane kati

AMD shi ne zaɓin farko ga mafi yawan mutane. Direbansa amdgpu yana cikin kanel, ba ka sauke komai. Ga siririn akwati akwai RX 550, mai cin wat 50, wanda ke iya matse bidiyon H.264 da HEVC da kansa, sai dai ba ya warware VP9. Akwai RX 6400 mai wat 53, ya fi shi ƙarfi nesa a wasa, amma mai aikin bidiyo ya kiyaye: shi da RX 6500 XT ba su da sashen matse bidiyo sam, kuma layi huɗu kawai suke amfani da shi a ramin PCIe, sai ƙarfinsu ya ragu a tsohon bod. Ga babban akwati mai fawa fak na wat 450 zuwa 500, RX 6600 mai giga 8 da wat 132 ya fi RX 580 ta kowace fuska, ga ƙarfi ga ƙarancin zafi. RX 570 da RX 580 suna aiki lafiya a Linux kuma suna da araha, illarsu cin wuta, da kuma cewa da yawansu sun sha aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana kafin su iso nan. Wanda aka rubuta wa 2048SP kuma sunan 580 kawai ya ara, ajin 570 ne.

Intel Arc A310 da A380 sun dace da mai bidiyo, don suna matsewa da warware H.264 da HEVC da AV1, akwai kuma gajeru marasa wayar wuta. Sharaɗinsu shi ne bod mai Resizable BAR, wato saitin da ke barin furosesa ta kai ga duk ƙwaƙwalwar kati lokaci ɗaya, abin da ake samu daga zubi na 10 na Intel da Ryzen 3000 zuwa sama. In babu shi aikin bidiyo zai tafi, amma wasa zai riƙa sarƙewa.

NVIDIA sai an yi dogon bayani, domin katunansa ne suka fi cika shaguna. Akwai buɗaɗɗen direba mai suna nouveau da ke zuwa da Linux. Yana nuna hoto, amma a kan jerin GTX 900 da GTX 1000 ba ya iya ɗaga gudun kati, saboda kamfanin ya kulle wannan sashe da sa hannunsa, sai katin ya zauna a mafi ƙanƙantar gudu. Dole ka koma direban kamfanin. Shi kuma kamfanin yana yaye tsofaffin katuna. Reshen direba 340, na irin su GeForce 210, ya tsaya tun 2019. Reshen 390 ya tsaya a ƙarshen 2022, reshen 470 na GT 710 da 'yan'uwansa a 2024. Reshen 580 shi ne na ƙarshe ga GTX 750 Ti da jerin 900 da 1000. Direban da aka yaye, wata rana za ka sabunta kanel ya ƙi haɗuwa, ka wayi gari ba hoto.

GT 730 ma tarko ne na musamman, don kala uku ne da suna ɗaya, kuma ɗaya daga ciki tsohon ƙira ne da ke bukatar reshen 390. GT 1030 kala biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya gaza na farkon ƙwarai. GT 710 kuwa bai fi girafik na cikin Core i5 zubi na 7 ko na 8 ba, sayensa don ƙarin gudu zubar da kuɗi ne, sai dai in ƙarin wurin soka monita kake nema.

In NVIDIA za ka saya, fara daga GTX 1650 zuwa sama. A 2022 kamfanin ya buɗe tushen sashen direbansa da ke shiga kanel ga waɗannan katuna, kuma su ne ke ci gaba da samun gyara. GTX 1650 yana cin wat 75, RTX 3050 mai giga 6 wat 70, dukansu akwai gajerunsu marasa wayar wuta. RTX 3060 mai giga 12 yana cin wat 170. Dalilin da ya isa a jure wahalar NVIDIA shi ne CUDA, wato fasaharsa ta sa kati yin lissafi mai nauyi: Blender da DaVinci Resolve da manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fi tafiya sumul a kansa. Amma kafin ka sayi kati saboda Resolve, ka sani cewa na kyautarsa a Linux ba ya buɗe bidiyon H.264 da HEVC, wato ainihin abin da wayoyi da kyamarori ke ɗauka, sai ka fara juya su da manhajar ffmpeg. Mai haɗa bidiyon biki zai fi hutawa da Kdenlive ko Shotcut, su kuma ba ruwansu da CUDA.

Gwaji a gaban mai shago

Tafi da filashin Linux ɗinka, wanda ake iya kunnawa ba tare da an ɗora shi ba. Ko a Farm Centre ne ko titin Beirut a Kano, ko Dutse, magana ɗaya ce: "Alhaji, a soka mini shi a kwamfuta in kunna da filashina, in ya yi mu yi ciniki." Wanda ya ƙi, ka yi masa godiya ka wuce gaba. Kuɗin motar dawowa daga Hadejia ko Kazaure don musanya kati kaɗai ya isa dalili.

Fara da ido. Juya fanka da yatsa, ka ji ko tana gurnani ko tana tsayawa. Duba bayan katin ko akwai wurin da ya yi launin ƙasa-ƙasa saboda zafi, ko tsatsa a ƙarfen baya. Sannan duba soket: katin da aka rubuta wa GTX 1050 Ti ko GTX 1060 amma yana da shuɗin ramin VGA abin zargi ne. Akwai jabu da yawa da aka ɗauki tsohon GTS 450 aka sauya masa suna a ƙwaƙwalwarsa, har Windows yana faɗin sunan ƙarya. Linux yana tona asirinsu, don nouveau daga jikin guntun yake karanta suna. Rubuta:

sudo dmesg | grep -i nouveau

GTX 1050 Ti na gaskiya zai nuna GP107. In ka ga suna mai farawa da GF, kamar GF106 ko GF116, tsohon kati ne aka yi wa sabuwar riga. Haka kuma akwai katunan haƙar kirifto irin su P106 da ba su da wurin soka monita gaba ɗaya.

Daga nan rubuta glxinfo -B, wanda ke cikin kunshin mesa-utils. Ya kamata ka ga sunan katin da yawan ƙwaƙwalwarsa. In ka ga llvmpipe, furosesa ce ke zana hoton, katin zaune yake kawai. Kunna glmark2 ka bar shi ya yi minti goma zuwa sha biyar, ka haɗa wayarka ta ba da data don sauke shi, ƙarami ne. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, ko allo ya ɗauke ya dawo, alamar ƙwaƙwalwar katin ta fara mutuwa ce. A wata tamina rubuta sensors don ganin zafin katin AMD. In ya haura digiri 85 a shagon da ke da fanka, a ɗakinka cikin watan Afrilu zai fi haka. Gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta maka kwanakin garanti da lambar katin a rasit.

Sakawa

Kashe kwamfuta, cire waya daga bango, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyar don sauran wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kati, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsi. Riƙe katin ta gefe, soka shi a dogon ramin da ya fi kusa da furosesa har maƙallin ya yi ƙas, ɗaure ƙarfen baya, soka wayar wuta in yana da ita. Sannan mayar da wayar monita jikin katin. Barinta a tsohon ramin bod shi ne ya fi kowane dalili sa a ce sabon kati ba ya aiki.

Da AMD ko Intel a kan Ubuntu ko Mint, aiki ya ƙare. A Debian ka tabbata akwai kunshin firmware-amd-graphics, rashinsa na kawo baƙin allo ko ƙaramin hoto. In a baya NVIDIA ne a ciki, cire direbansa tukuna kafin ka canza kati. Rubuta vainfo ka ga jerin nau'in bidiyon da katin ke ɗauka. Masu Linux na Fedora su sani an cire H.264 da HEVC daga Mesa ɗinsu tun 2022 saboda dokar mallakar fasaha, sai an ƙaro daga rumbun manhaja na RPM Fusion.

Da NVIDIA, a Mint buɗe Driver Manager ka zaɓi wanda aka ba da shawara. A Ubuntu rubuta ubuntu-drivers devices ka ga abin da ya dace, sannan sudo ubuntu-drivers install. Kada ka sauke fayil mai ƙarewa da .run daga shafin kamfanin, yana rubutu a kan fayilolin tsarin ba da sanin mai kula da kunshi ba, sabuntawa ta gaba sai ta rushe shi. Yi wannan aikin lokacin da batir ya cika, don yankewar wuta a tsakiyarsa na barin kwamfuta ba direba. In Secure Boot, wato kariyar da ke hana loda direban da ba shi da sa hannu, a kunne yake, ana iya neman ka ƙirƙiri kalmar sirri, bayan sake kunnawa kuma shuɗin allo zai fito. Zaɓi Enroll MOK ka shigar da kalmar. Wanda ya tsallake wannan allon, direba zai shiga amma kanel zai ƙi loda shi. Umarnin nvidia-smi zai nuna maka ko ya kama.

In ya ƙi

Baƙin allo bayan tambarin kamfani: a allon GRUB, wato allon zaɓi da ke fitowa kafin Linux ya tashi, danna e, ƙara kalmar nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, danna F10. Wannan hanyar shiga ce kawai don ka gyara direba. In ka mayar da ita ta dindindin, amdgpu da i915 ba za su yi aiki ba, za ka koma llvmpipe.

Kwamfuta na mutuwa farat ɗaya da zarar an fara fitar da bidiyo: fawa fak ne ya gaza, ko inbata, ko janareta ƙarami da ke rawa in an kunna firinta mai zafi ko na'urar laminatin. Raba musu layi, ka sa UPS ko sitabilaiza a gaban kwamfutar.

Hoto ya lalace bayan sabuntawa: a GRUB shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel, yana nan ba a goge shi ba. Wannan ya fi faruwa da NVIDIA, musamman rassan da aka yaye.

Gudu na raguwa bayan rabin awa: zafi ne, katin ke rage wa kansa gudu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Jigawa kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, bar masa tazarar taƙi ɗaya daga bango. Duk wata biyu, da hunturu kuma duk wata, fitar da shi waje ka hure da bulowa, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Katin hannu da ya haura shekara huɗu yana son sabon man sanyaya: kwance sukurorin baya, goge tsohon da auduga da sifirit, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiyar guntun, ka ɗaure sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan. Tausasan fatun da ke kan guntayen ƙwaƙwalwa kada ka yar da su, in sun yage a sa masu kauri iri ɗaya.